Kafaɗar Iya da Katifar Birni

Zuwa ga 'yata Aina'u,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kina lafiya, ke da maigidanki da yara. Mu nan sai godiya, an fara yankan gero, babanku kullum yana gona. Na rubuto ne na ba direban motar Ɗambatta, don in na ɗaga waya a tsakar gidan nan kakarku tana jin komai. Kunnen Iya bai tsufa ba.

Maganar katifar da yayanki ya kawo mata ce. Kin san ɗan fari ne, ba na iya zaunar da shi in yi masa faɗa, don haka ke za ki ji. Ya shiga shago ya ce a ba shi wadda ta fi tauri, irin ta masu ciwon baya. Ya hau ya zauna, ta ɗan lotsa, ya ce ta yi. Mutumin da ya fi buhun masara nauyi shi zai gwada wa Iya katifa? Iya da nake ɗagawa ni kaɗai in zan canja mata shimfiɗa? Ita ko ta hau, katifar ba ta san an hau ta ba. Kyautar da ba a yi tunani a kanta ba, wahala ce aka kawo wa mutum.

Kin san kwanciyarta. Tun tana yarinya a gefen dama take kwana, hannu a ƙarƙashin kunci, kamar yadda malamai suka koyar. Na ce ta riƙa juyawa, ta ce rigingine sai a makara. Duk nauyinta yana kan ƙashin kafaɗa da na ƙugu, ga shi babu tsoka. Yanzu hannun dama ba ya ɗaguwa in za ta yi kabbara, kuma wajen wanka na ga ƙugun ya yi ja. Ma'aikaciyar asibitinmu ta ce in fatar ta fashe, gyambon tsoho ba ya saurin warkewa. Tsohuwar katifarta ta rimi kuwa, ranar da yayanki ya zo ya ba maƙwabta, sun farke ta sun yi matasai.

Abin da ya fi ƙona mini rai, duk wadda ta shigo sai Iya ta ja ta ɗaki: "Zo ki ga abin da angona ya saya mini. Ke naki jikan ko tabarma ya taɓa kawo miki?" In baƙuwa ta tafi, ta fito tana dafa bango.

Ma'aikaciyar ta ce a nemi katifar roba, ba ta soso ba, mai ƙananan huji a jikinta, kuma mai laushi, wadda kafaɗa za ta nutse a ciki amma ba ta rufta da mutum. Ke kika ɗauko jikin Iya. Ki je shago ki kwanta a kai ta gefen dama, ki daɗe, ki ji.

Ki gaida kowa.
Mahaifiyarki,
Asama'u

Zuwa ga Aina'u,

Assalamu alaikum. Ina fatan kun tashi lafiya, kuma zazzaɓin 'yarki Luba ya sauka. Takardarki ta zo, na karanta, raina bai yi daɗi ba.

Kin ce kin je, kin ga maza a shagon, kunya ta hana ki kwanciya, sai kika danna da tafin hannu. Da tafin hannu Iya take barci? Kuma mai shago ya ce ki ɗauki matsakaiciya don ita aka fi saya. Su waɗanda suka fi sayen, ya auna su? Abin da ƙato yake ji matsakaici, ga mai jikin Iya dutse ne. Ni na koya miki kunya, ban musa ba, amma ban koya miki ki saka ta gaba da lafiyar tsohuwa ba. Ki sa babban hijabinki, ki tafi da maigidanki. Ki kwanta, shi ya tsaya ta baya ya duba ko gadon bayanki ya miƙe daga wuya zuwa ƙugu. In kafaɗarki ta ɗago zuwa kunne, ta yi tauri. In ƙugunki ya zurma, ta cika laushi.

Jan nan na ƙugun Iya ya fara duhu. Na shimfiɗa mata barguna a kan katifar, ta kwashe, wai ina ɓoye kyan katifa. Na yi mata zancen sabuwa, ta ce in an shigo da wata katifa ɗakinta an ci mutuncin angonta, ita kuma ba za a yi da ita ba. Babanku ya ce in ƙyale ta. Shi da ma ƙyalewa ce sana'arsa.

Hanya ɗaya ta rage. Iya ba ta taɓa hana jika abin da ya roƙa ba. Ki gaya wa yayanki ya zo da kansa, ya durƙusa, ya roƙe ta katifar, ya ce bayansa yana ciwo. Ban ce ya yi ƙarya ba. Mai irin tumbinsa, in ya bincika zai samu ciwon.

Kada ku ja lokaci.
Mahaifiyarki,
Asama'u

Zuwa ga Aina'u,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ku da fatan alheri, Allah ya yi miki albarka. Katifar ta iso, ƙarti suka sauke ta suna mita, don ta fi ta soso nauyi.

Yayanki ya zo ya roƙa. Iya ta yi masa dariya son ranta, ta ce ango ya tsufa kafin amarya, ya ɗauka ta ba shi aro. Yanzu a kan wadda kika aiko take kwana. Fatar ba ta fashe ba, duhun yana washewa, jiya kuma na ga hannunta ya kai kunne a sallar la'asar. Alhamdu lillahi.

Kada ki jira godiya. Duk wadda ta shigo, Iya tana gaya mata an raba ta da katifar arziki an bar ta da wata lagwai-lagwai, wai ni na ƙulla. Ta tsare ni in rubuta in tambaya yaushe za a dawo mata da kayanta. To, na tambaya, na sauke nauyi. Ki gaya wa yayanki ciwon bayan nan kada ya kuskura ya warke.

Mahaifiyarki,
Asama'u