Keken Ƙanina Ya Sake Tsagewa a Gefen Walda

Malama, don Allah ki fitar da ni, kaina ya ɗaure. Ƙanina ba ya iya tafiya, da keken guragu na alminiyam yake zuwa makaranta. Ƙarfen da ke ƙarƙashin mazauninsa ya tsage. Babanmu mai walda ne, tun kafin a haife ni yake wannan sana'a. Shi ya liƙe wurin, ya gasa shi, ya tsoma a ruwa don ya yi tauri, kamar yadda yake yi wa baƙin ƙarfe. Ba a jima ba sai ga sabuwar tsaga dab da waldar. Yanzu ya ce zai ƙara wuta. Ni ɗaliba ce a kwalejin fasaha, zuciyata ba ta kwanta ba, ga hanyar makarantar gangara ce. Amma da wane baki zan gyara wa Baba aikinsa? Ko ni ce ban gane ba?

Yayar mai keke

'Yata, mutane da yawa sun ɗauka duk ƙarfen da ya sha wuta da ruwa tauri yake yi. A wajen baƙin ƙarfe Baba yana da gaskiya, kuma ki lura waldarsa ba ta saki ba. Alminiyam mai ƙarfi halinsa daban ne. A masana'anta ake gasa shi, a tsoma a ruwa, sannan a bar shi sa'o'i cikin zafi kaɗan da aka auna. A nan ƙarfinsa ke zuwa. Wutar walda tana warware wannan aiki, gefen waldar ya yi laushi. Kowane rami keken ya faɗa, wurin ya ɗan lanƙwashe ya dawo, har ya gaji ya tsage. Ƙara wuta faɗaɗa laushin kawai zai yi.

Kada ƙaninki ya sake hawa keken sai an canja wannan ƙarfen ɗungurungum. A aro wani keken kafin nan.

Shi kuwa Baba, kada ki je masa da karatu. Ki ce ya nuna miki wani abu. Miƙa masa magagari ya goga dab da waldar, ya sake gogawa nesa da ita. Hannunsa zai ji bambancin kafin ki buɗe baki. Ke ma ki karɓa ki goga, ki ji da kanki.

Allah ya ƙara wa ƙaninki lafiya, ya yi miki albarka.