Takardar Jamus da Rijiyar Gurva

Litinin, 2 ga Maris, 1964

Yau an ɗora mini aikin banza. Wani malamin makarantar mishan, Matiyu, ya zo ofishin En'e da tsohuwar taswirar Jamusawa, wai zai bi hanyoyin da ke cikinta da ƙafa, ya ga kufan mutanen da a kan dutse. Tun zaɓen raba gardama na shiga Najeriya, mutanen ƙauye in sun ga baƙo da takarda sai su ce haraji ne, don haka aka ce akawu ya raka shi. Akawun kuwa ni ne, Bobboi, da furfurata. Mutum ya ƙoshi da albashi, sai ya rasa abin yi sai hawan dutse.

Talata, 3 ga Maris

Ya shimfiɗa mini takardar kamar wani littafi mai tsarki. Duk ta ci ninki, tana warin akwati. Ya sa yatsa bayan ƙauyen Betso ya ce, "Baba, nan za mu fara. Gurva. Garin ya mutu tun kafin a haife ni."

Na ce ban taɓa jin sunan ba.

Ƙarya na yi. Can aka haife ni. Ina shekara takwas mahaya masu kamen bayi suka sauko da ni, gidan Fulani ya raine ni, ya sake mini suna Bobboi. Ba wanda ya sani a Mubi, har 'ya'yana. A ofis in ana yi wa mutanen dutse dariya, tawa ta fi ta kowa ƙarfi. Ba wannan mai gajeren wandon ne zai tone ni ba.

Alhamis, 5 ga Maris

Ya sayi takalmin soja da ya fi ƙafarsa. Allah ya sawwaƙe.

Juma'a, 6 ga Maris

Na ce ya ɗauki gora biyu. Ya ce ba buƙata, "Taswira ta nuna rijiya a gabas da gari." Na duba. Baturen da ya zana ko dai daga kan doki ya hanga, ko wani ya yi masa ƙarya da gangan, kuma ya kyauta. Rijiyar tana yamma, ƙarƙashin wani falalen dutse, an rufe bakinta da dutse. Na bar shi da takardarsa. In na gyara, zai tambaye ni ina na sani.

Asabar, 7 ga Maris

Ƙafafuna kamar ba nawa ba, amma sai na rubuta.

Mun bar kekuna a Betso da sassafe. Malamin yana tafe yana karanta mini hanyar da na bi da tuluna a ka. Sau biyu takardarsa ta kai mu bakin rami. Kafin azahar gorarsa ta ƙare, ya shanye tawa. Muka isa gabas ɗin nasa, ba komai sai ƙaya da kashin awaki. Ya juya takardar sama, ya juya ta ƙasa. Sai ya zauna, leɓɓansa suka yi fari, gumi ya daina fito masa. Na taɓa ganin haka, na san abin da ke biyo baya.

Na tsaya ina kallonsa, wallahi na daɗe. Haushinsa nake ji, har da tsoro. Daga baya na ɗaga shi na ja shi yamma. Ban yi kamar ina nema ba ma, ba lokaci. Na ture dutsen. Ruwa na nan, da sanyinsa.

Ya sha, ya farfaɗo, ya miƙe. Muka ratsa ta cikin kufan, ya nuna wani zagayen duwatsu yana rubutawa, wai rumbu ne. Na ce, "Rumbun gidanku! Ɗakin mace ne, ga dutsen niƙanta nan."

Ya dube ni. Ni ma na ji abin da bakina ya yi.

Litinin, 9 ga Maris

Duk wanda ya yi dariya a ofis sai in ɗauka da ni yake. Ba wanda ya ce komai. Ashe mai gajeren wandon ya iya riƙe baki.

Asabar, 14 ga Maris

Matiyu ya zo gidana da littafin rubutu. Wai Jamusawa ɗigo ɗaya kawai suka sa wa Gurva, shi yana son gidajen. Na ce ba ni da lokaci. Na dai ba shi tabarma don kada maƙwabta su ce na kori baƙo.

Gida goma sha ɗaya na lissafa masa, daga na maƙeri zuwa ƙasa. Malami guda, amma bai iya rubuta sunan mutane ba, sai da na karɓi alƙalamin sau uku. Babban ɗana, Zailani, ya kawo mana ruwa, ya tsaya a bakin zaure bai tafi ba. Ban kore shi ba.

Da muka zo gidan mai dutsen niƙa, Matiyu ya ce, "'Ya'yanta fa, Baba?"

Na ce ɗaya ne, Tizhe.

Ya ce, "In sa ya mutu?"

Na ce ya rubuta yana Mubi.