Wayar Roba Ta Tona Ni, 'Yata Ta Daina Hausa

Anti Yashim, barka da aiki. Don Allah ki taimake ni. Ni da na girma a kasuwar Taminus ba a taɓa ƙure ni da magana ba, yau bakina ya mutu.

Bari in fara da yabon makarantar ƙananan yara ta cocinmu, don ta cancanta. A ina kuma yaro zai wuni yana juye shinkafa daga kofi zuwa kofi a ce lissafi yake yi? Shinkafa fa, Anti, mai kyau, har an rina ta shuɗiya. Su yi addu'a, su rera waƙa, su jera dabbobin roba bibbiyu su shiga jirgin Nuhu, su sha fenti har kunne, sannan a kwantar da su barci don sun gaji da karatu. Da yamma a miƙo miki 'yarki da takarda, wai yau ta koyi haƙuri. Mu da aka koya wa haƙuri da bulala, ashe wahalar banza muka sha.

'Yata Abby shekararta huɗu. Ina da ɗan shagon kayan abinci a Wheaton, nan Amurka, in an tashi makaranta a bayan kantar shagon take zama, ni kuma kullum waya na kunne. Tun da ta fara magana, in na yi mata Hausa da Turanci take amsawa. Mahaifiyata tana Bukuru, ta tsufa, ba ta jin Turanci. Duk Lahadi in mun kira ta, sai ta yi ta cewa ina ƙawata, ƙawar kuwa ta zuba wa waya ido kamar gunki.

To a ajinsu akwai lungun da aka shirya kamar gida, da murhun katako da tukwane da wata jar wayar roba. Ran nan Abby ta maƙale wayar a kafaɗa, ta riƙe ƙugu, ta ɓarke da Hausa garau. Malamarsu Irene, Ba'amurkiya ce, ko sannu ba ta ji. Murna ta kama ta, ta ɗauki bidiyo ta tura dandalin iyayen ajin. Biyar daga cikin iyayen nan mutanen gida ne.

Anti, ni ce sak, har tsakin. Yarinyar nan ta ce Martha in ta yi miki murmushi ki lalubi jakarki, kuma miyarta ko kare sai ya yi addu'a kafin ya lasa. Martha mutuniyar gida ce, ita ce mataimakiyar malamar, ita ta samar wa Abby gurbi a ajin. Tana cikin bidiyon, a tsugune tana ɗaure wa wani yaro takalmi. Ana ganin lokacin da hannunta ya tsaya.

A mota na sauke wa Abby duk kunyar da na kwaso. Ban taɓa ta ba, amma na ce kada in ƙara jin Hausa a bakinta. Ta kuwa bi umarni. Yau sati uku. Irene ta ce ba ta ƙara zuwa lungun ba, sai ta zauna ita kaɗai gaban kwanon shinkafa. In na yi mata Hausa a gida, kai take sunkuyarwa. Na lallasa, na ba da alewa, na sayo mata wayar roba, ta tura ta ƙarƙashin gado. Abin da ya fi kashe ni, bidiyon ya kai Bukuru. Mama ba ruwanta da zagin, kuka ta yi don murna, kowace Lahadi tana jiran ƙawarta ta gaishe ta. Mijina Chuwang ya ce ni na ɗaura, ni zan kwance. Martha kuwa gaishe ni take da fara'a kamar ba a yi komai ba, gara ma ta zage ni.

In cire ta daga makarantar ne? Wallahi ban san ta inda zan kama ba.

Mai shago a Wheaton

*

'Yar'uwa, sannu. Na yi dariya a farkon wasiƙarki, ban yi a ƙarshenta ba.

Makarantar ta yi kuskure a abu ɗaya. Bai kamata malama ta tura maganar da ba ta san ma'anarta ba. Ki same ta ku biyu, cikin ladabi, ki ce nan gaba a fara nuna wa uwar yaro. Amma kada ki cire Abby. Wasan da kike yi wa ba'a shi ya fito da abin da kika yi shekaru kina roƙo. A gabanki Hausa jarrabawa ce, a lungun nan kuwa ba mai jiran amsa, shi ya sa ta sake.

Yarinyar ba ta san ta yi zagi ba. Uwarta ta kwaikwaya don tana son zama kamarta, sai uwar ta yi mata ihu. Ki tsuguna daidai tsayinta ki gaya mata, ko da Turanci ne, cewa ba ta yi laifi ba, ke kika yi. Sannan ki je ki ba Martha haƙuri da Hausa, Abby tana riƙe da hannunki. Ban da dabarar kasuwa, ban da ai wasa nake. Ta ji da kunnenta cewa harshen nan ana neman gafara da shi.

Daga nan ki daina roƙonta. Ki zaro wayar daga ƙarƙashin gado, ki zauna a ƙasa ki kira Kaka da wasa, ki tambaye ta ruwan sama da awaki, kada ki ko kalli yarinyar. Ran Lahadi kada ki tura mata waya a fuska. Ki jingine ta, Mama ta yi ta waƙoƙinta na coci, Abby tana wasanta a gefe. Ba zan ce miki sati kaza ba. Yaro in ya tsorata yana daɗewa, amma Hausar tana nan cikinta, kin ji da kunnenki.

Ubangiji ya sake mata baki, ya ja kwanan Mama ta ji gaisuwar. Sai dai ki tuna, shekara huɗu tana bayan kantar shagonki ko kalma ba ta zubar ba, har yanzu kuma kunnenta a buɗe yake. Ranar da ta sake ɗaga jar wayar nan, me kika tanadar mata ta faɗa?

Anti Yashim