Kwanon Dinatu a Kan Firij

Lahadi, 7 ga Satumba
Tun da na kai ɗana Alassane jami'a a garin Raleigh gidan nan ya yi mini yawa. Har numfashin firij nake ji. Na koma gasar kartar poka ta intanet. Caca ce, na sani. Kuɗin shiga bai kai na kofi ɗaya ba, amma ba da wannan hujjar zan tsaya gaban Allah ba.

Abin zaɓa ɗaya ne: gasa mai mutum nawa? Akwai ta mutum arba'in da biyar, kafin shinkafa ta huce an tashi. Akwai ta mutum dubu huɗu, daga azahar har magariba. Ni da nake koya wa 'ya'yan mutane ilimin ƙididdiga na san amsar: a ƙarama kana yawan kaiwa teburin ƙarshe, a babba sai ka shekara ba ka hango shi ba.

Na shiga babbar.

Laraba, 10 ga Satumba
Alassane ya kira. Na tambaye shi da Hausa ko yana cin abinci, ya amsa da Turanci cewa sauri yake yi.

Lahadi, 14 ga Satumba
Bon, tsakanina da takardar nan, ba kyautar nake bi ba. Babbar gasa tana cinye Lahadi ɗungurungum, shi ke nan amfaninta. In an fitar da ni, ni ce ta dubu da wani abu, ba mai lura. A ƙarama kuwa kullum mutanen nan ne, har wani mai kiran kansa Kakan Tulsa ya fara gaishe ni a akwatin hira. Na gudu.

Kamar taron sunan da aka yi jiya a wani zaure a unguwar Wendover. Mata maƙil, kowacce "Hajiya, ina gajiya?", ba wadda ta tsaya jin amsa. Na ji daɗin taron ƙwarai.

Lahadi, 21 ga Satumba
Bango ɗaya ya raba ni da Dinatu, nas ce 'yar Jos, mijinta ya rasu bara. Duk Lahadi in ta dawo daga coci sai ta leƙo ta baranda: "Farfesa, zo mu ci abinci, ba a ƙoshi da littafi." Ni kuma kullum ina da takardun ɗalibai.

Yau ba leƙowa ta yi ba, ƙwanƙwasawa ta yi. Saura mu ɗari uku a gasar, kartar sarakuna biyu a hannuna, agogon wasa yana ƙirga mini. In na tashi, na'ura za ta zubar mini da karta. Na kashe sauti, na yi lamo kamar ɓarauniya a cikin gidana.

"Maman Alassane? Ga motarki fa ina gani."

Ta ɗan jira. Sai takunta a kan matakala.

Sarakunan ma sun faɗi. A bakin ƙofa na tarar da kwano mai murfi, gwaten acca, ya huce. A tsaye na ci.

Talata, 23 ga Satumba
Na wanke kwanon. A Maraɗi ba a mayar da kwano wayam, da Inna na raye da ta ci mutuncina. Dole sai na dafa wani abu na zuba a ciki. Ranakun aiki ba hali, Asabar wanki, Lahadi kuwa... Na ɗora shi kan firij.

Lahadi, 28 ga Satumba
Ba leƙe, ba ƙwanƙwasa. Na ji motarta, na ji ƙofarta. An fitar da ni tun kafin la'asar, ban shiga wata ba. Na zauna ina sauraren bango. Cokali ɗaya ake ji a can ma.

Alhamis, 2 ga Oktoba
Mun haɗu da Dinatu wajen zubar da shara.

"Sannu, Dakta Fourera." Ba Farfesa, ba Maman Alassane.

Na ce kwanonta yana wurina.

"Bar shi, ina da wasu." Ta ƙulle ledarta. "Ɗana Eric ya dame ni in koma wurinsu a Summerfield, wai ɗaki na nan. Da can ce masa nake ina da maƙwabciya. Ƙarshen wata zan ba shi amsa."

Na ce Summerfield akwai dawakai masu kyau. Da digiri uku a kaina, abin da na iya faɗa ke nan.

Lahadi, 5 ga Oktoba
Na sake duba lissafin. Ƙaramar gasa ta fi dacewa da mai ƙaramin jari, hawa da saukarta ba su da tsanani. Dalilin ke nan kawai da na shiga ta mutum arba'in da biyar da hantsi. Kakan Tulsa ya rubuto, "Ina kika shige?" Na ce ina nan. A matsayi na tara na fita, ko haushi ban ji ba.

Zogalen shagon 'yan Afirka busasshe ne, sai da na jiƙa shi. Dambun bai kai na Inna ba. Ya kuma cika kwanon har murfi ya ƙi zama, ya fi ƙarfin mutum ɗaya. Kuskuren awo ne.

Waya sai tuna mini take babbar gasa za ta fara. Na kife ta.

Ga motar Dinatu nan ta shigo. Na sa cokali biyu a aljihu, ko da nata duk suna cikin wanke-wanke.