Ki Dawo da Jitarki Gida

Zaituna,

Na tarar kina barci, ban so in tashe ki ba. Motar Bouaké ƙarfe bakwai za ta tashi daga tashar Adjamé, sai jibi zan dawo in Allah ya yarda.

Jiya da la'asar na je filin Treichville inda kuka yi wasanku na kiɗan rok. Ba kallo ya kai ni ba. Ya'u maƙwabcin shagona ne ya tsegunta min a kasuwa, na rufe shago da niyyar in janyo ki a gaban kowa.

Na tsaya can baya, wajen mai suyar aloko, soyayyar ayabar nan, ƙara kamar ta fasa min kunne. Sai ga ki da jita, ɗankwalinki yadda kika fita da shi. Da lasifika ta mutu, mazan da kuke kiɗa tare suka tsaya cirko-cirko, ke ce kika matso gaba kika ja waƙar da baki, da Hausa, har aka gyara. Filin nan kaf, 'yan ƙabilar Bawule da Jula, suna amsa miki kalmomin da ba su san ma'anarsu ba.

Wani saurayi ya ga tsoho a cikinsu, ya ce min, "Vieux père, ɓatan hanya ka yi?" Na ce, "Waccan 'yata ce." Sau uku na faɗa masa.

Maganar da na yi cewa za ki zubar min da mutunci, ki yafe min. Ki daina ɓoye jitar a gidan ƙawarki Rahama. Ki ɗauko ta yau, da rana tsaka, ki shigo da ita ta ƙofar gaba.

Babanki