Na Nemi Hasken a Fuskar Tsohuwar Malamata Na Rasa

Anti, don Allah ki taimake ni, kaina ya kulle. Shekarata goma sha ɗaya ina aikin jinya a ɗakin mata tsofaffi, waɗanda shanyewar ɓarin jiki ta kwantar. Ni ke yi musu wanka, in juya su kada bayansu ya yi gyambo, in ba su abinci a baki. Tun ina sabuwa wata dattijuwar ma'aikaciya ta koya mini cewa duk wadda aka kwantar a gadon nan tana ɗauke da hasken da Allah ya sa mata tun ranar da aka busa mata rai, ko ta ɓata shimfiɗa, ko ta zage ki. Na riƙe maganar hannu bibbiyu. Ba na taɓa kowa sai na murza tafukana sun yi ɗumi, na dubi fuskarta na gaishe ta. Duk sabuwar ma'aikaciya sai na cika mata kunne da zancen, har aka sa mini suna Mai Fitila.

To, sati uku ke nan da aka kawo wata tsohuwa gado na shida. Kallo ɗaya na gane ta: malamar da ta koya mana lissafi a aji biyar. Matar nan ta taɓa tsayar da ni gaban aji, ta ƙwanƙwashi kaina da rula, ta ce wa yara su saurara su ji yadda fanko ke ƙara. Har na bar makarantar Fanko ake kirana. Ita ba ta gane ni ba. Rabin bakinta ya karkace, amma wallahi rabin da ya rage ya ishi mutum! Ruwa ya yi zafi, ruwa ya yi sanyi, matashi bai zauna daidai ba. In tana nemana kuwa, cokali take bugawa a ƙarfen gado, kamar yadda take buga rula a tebur.

Na yi ƙoƙari, Anti. Na zura mata ido ina neman hasken nan da nake ta wa'azi a kansa, ban ga komai ba sai tsohuwa mai baƙin hali. Na daina ɗumama hannu in zan taɓa ta. Shekaranjiya kuma, garin juya ta, na fizgi hannunta na ɓarin da ya mutu, da gangan. Ba ta yi ihu ba, hawaye kawai ya zubo mata. Jiya shatin yatsuna ya fito a damtsenta. Shugabar ɗaki ta tambaya, na ce ban sani ba. Wata abokiyar aiki har da dariya, wai kowa a tuhume shi amma ban da Mai Fitila. Yanzu idon shugaba yana kan wata sabuwar ma'aikaciya da ba ta ji ba ba ta gani ba.

Takardar barin aiki na cikin jakata. Maigidana ya ce shirme nake yi. Ni dai na ga ashe shekara goma sha ɗaya surutu kawai nake, babu hasken a tsohuwar nan, babu shi a jikina. In miƙa takardar?

Mai Fitila da ta gaji

Ƙanwata, ki bar takardar nan a jaka tukuna, don ba ita ce gaba ba. Abin da ke gaba shi ne sabuwar ma'aikaciyar da ake shirin ɗora wa laifinki. Gobe kafin ki sa rigar aiki ki shiga ofishin shugabar ɗaki, ki faɗa mata ke ce, ki faɗa mata dalili. Watakila a ja miki kunne, watakila a dakatar da ke na 'yan kwanaki. Ki ɗauka. In kika bar aiki kika bar yarinyar mutane da tabo, kin yi laifi biyu ke nan.

Ban raina ciwonki ba. Abin da malamar ta yi miki zalunci ne, kuma tsufa bai wanke ta ba. Babu wanda zai tilasta miki ki so ta, ko ki yafe kafin zuciyarki ta shirya. Amma ita ma ki duba: yau ba ta iya janye hannunta daga naki. Ke kin fi kowa sanin yadda mutum ke ji in mai ƙarfi ya tsaya a kansa. Ki roƙi a ba wata gado na shida, ko a riƙa haɗa ki da wata in za a juya ta.

Sai batun hasken, inda kika fi ba ni haushi. Wa ya ce miki sai kin gani sannan yake nan? Dattijuwar da ta koya miki ba ta ce ki riƙa duba majinyata kina ba su maki ba. Wanda ya sa hasken bai nemi shawararmu ba, kuma baƙin halin mutum yana iya rufe shi, ba ya iya cire shi. A fuskar tsofaffi masu sa albarka kowa ma zai gani. Aikin yana farawa ne ranar da ido ya kasa, hannu kuma ya ci gaba da yin abin da ya dace.

Ke ma haka. Kin yi mugun abu sau ɗaya, ban rage masa nauyi ba. Amma kwana biyu hawayen matar da ta wulaƙanta ki yana hana ki sukuni, alhali babu wanda ya gan ki. Wannan damuwar daga ina kike tsammanin ta fito? Bayan kin fito daga ofishin shugaba, ki je gado na shida ki ba tsohuwar haƙuri a kan hannunta. Ba sai kin tuna mata aji biyar ba, kuma kada ki jira ta yi miki godiya.

Allah ya ba ta sauƙi, ke kuma ya ba ki ƙarfin ƙwanƙwasa ƙofar ofishin nan gobe.