Gwajin da ban rufe na sake buɗewa ba

Zuwa ga Kawuna abin ƙaunata,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina fatan wannan takarda ta same ka lafiya, kai da Inna da duk mutanen gida. Yaya ƙafar? Inna ta ce har yanzu kana ƙin shan magani sai an tsaya a kanka, Allah Ya ba da lafiya, Ya kuma rage maka taurin kai. Mu nan lafiya lau. Maigidan yana gaishe ka, ita kuma ƙaramar ta fara tafiya, babu abin da take nema a gidan nan sai wayar caja.

Kawu, sau uku ina fara wannan wasiƙa ina ajiyewa, don kunya nake ji. A waccan takardar na ba ka labarin an ɗora ni a kan masu gwaji a wurin aikinmu, Inna kuma ta ce babu wanda ya kawo rediyo shagonka bai ji labarin ba. To, ina roƙonka ka daina faɗa, ga dalili.

Ka san aikinmu. Muna gina wani kayan aiki da masu rubuta manhaja suke ɗauka, shi ke kai musu bayanai cikin rumbun ajiya ya kuma ɗauko. Muna da doka guda: idan wani ya ce abu ya lalace, ba a taɓa gyara sai an rubuta ɗan gwaji da zai sa matsalar ta sake faruwa a gaban kowa. Gwajin ya nuna ja, akwai matsala. Ya nuna kore, babu. Akwai wani dattijo a ofishinmu da muke kira Malam Shiru, don yakan wuni bai ce uffan ba, teburinsa na bakin taga kusa da na'urar buga takardu. Shi ya kawo ƙorafi cewa idan aka canza adireshin mutum sau biyu a jere, canji na biyu ba ya isa rumbu. Ni aka ba in gwada. Na rubuta gwajin cikin minti ashirin: na ajiye adireshi, na canza, na sake canzawa, na karanto. Sai ga kore.

Da a nan na tsaya, da sauƙi. A taron safe, gaban shugabanmu da mutum tara, na haska koren a bango, na ce wasu mutane idonsu ne ke bukatar gwaji. Aka yi dariya. Malam Shiru ya ce shi dai ya gani da idonsa sau huɗu, ya tambaya ko zan bari ya duba abin da na rubuta. Na ce masa ba ni da lokaci. Bayan mako biyu aka ɗauke shi daga gwaji aka mayar da shi amsa wasiƙun masu ƙorafi, aka kuma gaya masa idan watan ya ƙare za a duba ko akwai sauran bukatarsa. Kujerar da ya shekara shida yana jira, ni aka ba.

Ranar Talatar da ta wuce wani kamfanin kai kaya da ke amfani da kayanmu ya rubuto cewa direbobinsu na ta zuwa tsofaffin gidajen mutane. Na buɗe gwajina ina shirin tura musu kore, sai idona ya faɗa kan layi na ƙarshe. Kayan namu yana riƙe abin da aka ba shi a hannu na ɗan lokaci, kafin da bayan ya kai rumbu. Ni kuwa da na zo karantowa ban rufe na sake buɗewa ba. Ashe abin da ke hannunsa ya miƙo mini, rumbun ko leƙa shi bai yi ba. Na ƙara layi biyu, rufe da buɗe, na danna. Ja wur.

Kai na tuna a lokacin, Kawu. Ban taɓa ganin ka miƙa wa mutum rediyonsa don kawai ta yi magana a kan teburinka ba. Sai ka kashe, ka cire batur, ka ɗaure bayanta, ka mayar, ka kunna, ko da mai ita na tsaye yana tsaki. Shekara nawa ina kallon wannan?

Ba zan ɓoye maka ba, na yi kusan awa guda ina tunanin in gyara a ɓoye in ce sabuwar matsala ce, babu mai ganewa. Abin da ya hana ni, na ɗaga kai na hango Malam Shiru a bakin taga yana rubuta wa wani haƙuri a kan laifin da nawa ne. Washegari a taron safe na haska jan a bangon nan dai, na nuna layukan biyu, na ce Malam ne ke da gaskiya tun farko, kuma ni na hana shi dubawa. Na ce wa shugaba a mayar masa da aikinsa, kujerar ma tasa ce. An yi hakan jiya, ni kuma na koma ƙarƙashinsa.

Da aka tashi daga wancan taron na je wurinsa neman gafara. Bai bari na gama ba, ya ce ya yafe, kowa na yin wannan kuskure sau ɗaya, ai ba a haifi kowa da sanin sai an rufe an buɗe ba. Sannan ya tambaye ni, cikin tausayi, ko dai babu wanda ya taɓa koya mini. Kawu, na kasa ɗaga kai. Na ce masa an koya mini tun ina shekara goma.

Ka gaishe mini da Inna, da Gwaggo, da Yaya Babba da iyalinsa, da maƙwabcinka mai gyaran agogo. Idan masu rediyo sun tambaye ka labarina, ka ce ina nan ina koyon aiki.

Taka,
'yar ƙanwarka